Yadda Na Kori Mai Yi wa Matata Allura

Edita, sallama gare ka da duk wanda idonsa zai sauka a kan wannan takarda. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku na rayuwarsu, in ce Allah ya kyauta, in ninke mujallar in ajiye. Yau kuma nawa na kawo. Ba zan kama sunan kowa ba, domin na riga na ga abin da bakina yake yi wa suna.

Shekarar da aka rufe makarantu aka tsayar da motocin da ke ƙetara jihohi saboda korona, ni mutum ne da ake gyara wa tabarma idan ya iso wurin suna. A Zuru nake, a wata unguwa da gidan Musulmi da na Kirista suke jingine da katanga ɗaya. Mahaifina fataucin dawa ya kawo shi daga ƙasar Gwandu, ya ga wuri ya zauna, a nan aka haife ni. Karatuna na allo ne da ajami, bokon da nake rubuto muku da shi sai da na girma na koya. Da damina ina gona, da rani ina zaure ina rubutun sha da addu'a, ni ne kuma mai raɗa wa jariran unguwa suna. Abin da aka fi sanina da shi shi ne rubutun ciwon kai. Ranar kasuwa har daga Bena da Kanya ake zuwa da kwalba a ce an ji labarina. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda ya kamata mai tsoron Allah ya ji daɗin yabo.

Abin da mutane ba su sani ba, ko suka sani suka yi shiru don ganin girmana, shi ne a cikin gidana akwai ciwon kan da rubutuna bai taɓa kwantar da shi ba. Uwar 'ya'yana tana da ciwon ɓarin kai tun tana budurwa. Ta kan ce yana fara yi mata sallama da wani ƙyalli a gefen ido, kamar an haska madubi cikin rana, daga nan sai ɓarin kanta na hagu ya ɗauki bugu. Idan ya sauka ba ta son haske, ba ta son motsi, dakan da ake yi a gida na uku ji take kamar a kanta ake yi. Takan shige ɗaki ta toshe taga da buhu, ta ɗaure kai da ɗankwali har sai ya bar shaida a goshi, ta yi ta amai har ya zama babu abin da ke fita. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ƙamshin suyar kuwa yana cikin abin da ke tayar mata da ciwon, amma ba ta da wata sana'ar. Na yi mata rubutu iya abin da na sani, ta sha da ladabi, ba ta taɓa cewa bai yi ba. Idan na tambaya sai ta ce da sauƙi, Malam. Ni kuma na karɓi wannan amsa shekara da shekaru, saboda ita ce amsar da nake so.

Bayan katangarmu akwai wata dattijuwa Badakkariya, Kirista, wadda duk unguwa ke kira Sista, kamar yadda ake kiran masu aikin jinya. A asibitin barikin soja ta yi aiki har ta yi ritaya, mijinta soja ne, ya rasu ya bar ta da gidan. Mace ce mai faɗa da dariya a lokaci ɗaya. Idan ta ga yaro da hanci a jiƙe sai ta kama shi ta share, sannan ta bi shi har gida ta yi wa uwarsa tas. Ita ta karɓi haihuwar 'ya'yana duka. Da Sallah mu kai mata nama, da Kirsimeti ta aiko da kaza da rai, ta ce Malam ya yanka da kansa don kada ya ce ba a ambaci sunan Allah ba. Matata Yaya take ce mata, ita kuma tana ce wa matata ƙanwata. Ni kuwa tsokanata take yi, ta ce da tawadar da nake shayar da mutane da fenti ce da tuni an gama shafe gidajen Zuru. Ina dariya, domin a tsakar gida take faɗa, ba mai ji sai mu.

A waccan shekarar ta korona ciwon ya tsananta wa matata, har ya zama ba ta cika mako a tsaye. Babu halin tafiya nesa neman magani, asibiti kuma kowa tsoronsa yake. Can kuma sai na ga abin ya fara ja da baya. Ta yi mako biyu ba ta toshe taga ba, ta yi wata guda sau ɗaya kawai ta kwanta, shi ma da la'asar ta tashi ta ɗora tuwo. Ta yi ƙiba, ta koma waƙa a bakin murhu. Na lura takan shiga gidan Sista da hantsi idan na fita gona, amma wannan ba sabon abu ba ne. A raina na ce wani rubutu da na samo a tsofaffin takardun mahaifina ne ya karɓe ta. Har na fara ba masu zuwa zaure labari cewa na gwada shi a gidana.

Wata rana ƙotar fartanyata ta karye na dawo gida da wuri. Ban sami matata ba, sai na leƙa gidan Sista don in karɓi makullin rumbu. Na yi sallama na ɗaga labule, sai ga matata kwance a kan gado, ido a rufe, allurai tsaye a goshinta da gefen kunnenta da tsakanin yatsun hannu da kan ƙafa. Sirara ne kamar gashin wutsiyar doki, suna ɗan rawa idan ta yi numfashi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san abin da allura a jikin mutum take nufi a kunnenmu. Tun muna yara muke jin an jefi wane da allura, an tono allura a bakin ƙofar wance. Na daka mata tsawa ta tashi, Sista ta tare ni da hannu ta ce in tsaya tukuna ta zare su, kada in sa ƙanwarta ta ji ciwo. Ta zare su ɗaya bayan ɗaya ta zuba a gwangwani, ko ɗigon jini ban gani ba.

Da yamma Sista ta zo zaurena da kanta, ta zauna a dokin ƙofa, ta buɗe wani ɗan kwali ta nuna mini. Kowace allura a naɗe take cikin takardarta, sau ɗaya ake amfani da ita a jefar. Ta ce lokacin da take aiki an tura su kwas, wasu likitocin ƙasar Sin suka koya musu wannan aiki, har da takardar shaida. Ta ce ba ta yi wa kowa a unguwa saboda ta san halinmu, ƙanwarta ce kawai ta kasa zura wa ido. Ta ce ba ta hana ta shan rubutu ba, ta sha rubutun ta kuma karɓi allurar, Allah ɗaya ne mai ba da lafiyar. Matata ma ta durƙusa ta ba ni haƙuri kan ɓoyewar da ta yi, ta ce tsoron ɓacin raina ne. A nan ne wurin da nake so mai karatu ya riƙe da kyau. Kafin in kwanta a ranar na riga na gane babu sihiri a cikin abin nan. Na ga kwalin, na ga matata da lafiya, na san Sista shekara talatin. Abin da ya rage a ƙirjina ba tsoro ba ne, haushi ne cewa ba ni na warkar da ita ba.

Bayan 'yan kwanaki aka yi suna a unguwa. Na raɗa suna, na yi addu'a, ana raba goro maza sun cika ƙofar gida. Akwai taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, mai sayar da taki, wanda tun muna yara ba ya ganina bai tsokane ni ba, kuma al'ada ta ba shi wannan dama. Labarin ya riga ya kai kunnensa ta wajen mata. Sai ya ɗaga murya ya ce: "Malam, ashe tawadarka sai ta bar gida take aiki? Matanmu na shan rubutunka, taka kuma tana gidan Sista an kafe ta da allura kamar beguwa." Aka fashe da dariya. Wasan taubasai ne, kowa ya sani. Abin da ake jira shi ne in rama, in ce masa takinsa ma rabinsa yashi ne, a sake dariya a watse. Amma na duba na ga mutanen da ke shan rubutuna suna dariya, har da wani baƙo da ya zo daga Bena. Sai na gyara zama na ɗaure fuska, na ce wannan ba abin dariya ba ne. Na ce abin da na gani ba magani ba ne, jifa ce, Allah ne ya karya mini fartanya don ya kai ni a kan lokaci. Na ƙara da cewa kowa ya kula da iyalinsa. Dariya ta ɗauke. Taubashina ya ce haba Malam, wasa fa yake yi. Na ce ni ba wasa nake ba.

Ban ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, kuma ban buƙaci ƙarawa ba, mutane suka ɗauka daga nan. Wata da ta yi ɓari bara ta tuna Sista ta taɓa shafa mata ciki. Wani da ƙafarsa ta shanye ya tuna ita ta taɓa yi masa allurar zazzaɓi. Aka daina kiranta haihuwa. Idan ta fito ɗibar ruwa sai mata su tuna sun bar tukunya a wuta. Yara suka fara jifan kwanon gidanta da duwatsu. Na ji har a cocinsu wasu sun fara matsawa daga bencin da take zama, domin tsoron allura bai san addini ba a garinmu. Sau ɗaya ta sake zuwa zaurena. Ba ta zauna ba. Ta ce ita ce ta yanke cibiyar 'ya'yana, in da cuta take nufi da gidana me ya hana ta tun lokacin. Ta ce in ɗago in faɗa mata a fuskarta abin da na faɗa a wurin suna. Ina riƙe da allo ina rubutu, ban ɗago ba. Ta tsaya har ta gaji ta tafi. Da aka gama girbin dawa ta ba wasu da suka gudo daga wajen Kanya hayar gidanta, ta koma Mahuta wurin ƙanenta. Matata ta tsaya a bayan ƙyaure tana jin ana loda kaya, domin na hana ta fita sallama.

Kafin sanyi ya wuce buhu ya koma jikin taga. Ciwon ya dawo kamar yana bin ta bashin watannin da ta huta. Ta ci gaba da shan rubutu, tana cewa da sauƙi. Abin da ban sani ba shi ne ta fara aika a karɓo mata haɗi a kemis, irin ƙwayoyin nan ja da fari da rawaya da ake ƙulle wa mutum a leda ba suna ba takarda. Da farko sai ciwon ya zo take sha, daga baya ta koma sha kullum da safe don kada ya zo, ciki babu komai, saboda ta samu ta yi suyarta. Da azumi da su take sahur. Na sha ganin ledojin a cikin shara ban tambaya ba. Na ga tana dafe ciki, na ce yunwa ce. Na ga ƙafafunta sun kumbura, na ce tsayuwar suya ce. Kusan shekara biyu muna haka, ina zaure ina ba baƙi maganin ciwon kai.

Ranar da ta faɗi tana cikin matsar mai ne. Ta yi aman jini baƙi, muka kwashe ta zuwa asibiti a nan Zuru, suka tsayar da jinin, suka ce ƙodarta ma ta taɓu, sai dai Sakkwato. A can wata likita, sa'ar 'yata ta fari, ta zauna ta yi mata tambayoyi a hankali, tun yaushe ciwon kan yake, me take sha, sau nawa. Da ta ji labarin haɗin sai ta ajiye alƙalami. Ta ce irin waɗannan ƙwayoyi idan aka mayar da su abinci suna cin tumbi su ci ƙoda, kuma su da kansu suna ƙara jawo ciwon kan da ake sha dominsa. Sai ta tambaya ko akwai wani abu da ya taɓa ba ta sauƙi. Matata ta dube ni, sannan ta ce akwai wani lokaci da aka yi mata allurar Sin. Na zaci likitar za ta yi tsaki. Sai ta gyaɗa kai ta ce ai wannan sanannen abu ne. Ta ce a ƙa'idojin da likitoci ke bi a wasu ƙasashe an sa ta cikin abin da za a iya gwada wa mai ɓarin kai don a rage yawan zuwansa, musamman wanda ƙwayoyin rigakafi ba su karɓe shi ba. Ta ce ba kowa take yi wa aiki ba, ba ta kuma cire ciwon daga tushe, masana ma ba su gama yarda da juna kan yadda take aiki ba, amma a hannun wanda ya koya, da allura mai tsabta, cutarwarta kaɗan ce. Daga nan ta yi tambayar da har yau nake jin ta. Ta ce tunda ta karɓe ta, me ya sa aka daina. Ina tsaye a gefen gado riƙe da kwanon abinci. Matata ta ce mai yi mata ce ta yi ƙaura.

Mun yi watanni muna zirga-zirgar wankin ƙoda tsakanin Zuru da Sakkwato. Ta rame har ina ɗaukarta da hannu in sa a mota. Wata safiya a gida, bayan na ba ta kunu, na durƙusa a gaban gadonta na faɗa mata gaskiya, cewa tun ranar farko na san Yayarta ba ta yi sihiri ba. Ta ce ta sani. Ta ce ta zauna da ni shekarun da take gane lokacin da nake jin tsoro da lokacin da nake jin kunya, kuma a ranar ba tsoro ta gani ba. Na roƙe ta gafara. Ta ce: "Nawa na yafe, Malam, tun ba yau ba. Na Yaya kuwa ba a hannuna yake ba." Ta roƙe ni in je in zo mata da ita. Na ce to. Na ce bari a dawo daga wankin wannan makon, sannan na ce bari a ga bayan shuka. Gaskiyar ita ce ban san da wace fuska zan shiga Mahuta ba. Ina cikin wannan jinkiri Allah ya karɓi abinsa, ranar wata Talata da hantsi. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi.

Bayan an share makoki na shiga motar Mahuta. Na sami Sista a gidan ƙanenta tana sussukar masara a ƙarƙashin mangwaro, ta tsufa fiye da shekarun da suka wuce. Ta riga ta ji rasuwar. Ta ce ta yi kukanta a ɗaki, ba ta zo gaisuwa ba don kada a ce ta zo duba aikinta ne. Ta sa aka kawo mini ruwa, ta bar ni na yi maganata har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce mijinta shekaru ya yi yana golmo, yana noma wa iyayenta kafin a ba shi ita, domin a wurinsu ba a ɗaukar mace a banza, ni kuma na sayar da ita a kan dariyar masu cin goro. Ta ce ranar da ta sauka a Mahuta ta tarar labarin ya riga ta isowa, har matar ƙanenta ta ware mata kwanon cin abinci. Ta ce ba ta son haƙurin ƙarƙashin mangwaro inda kaji ne kawai shaida. In koma in faɗi gaskiya a inda na faɗi ƙarya, kada kuma in aiko kowa ya gaya mata na faɗa. Idan gaskiyar ta iso Mahuta da ƙafarta, kamar yadda ƙaryar ta iso, a lokacin za mu yi magana.

Na ɗauka abu ne na rana ɗaya. Suna na farko da aka kira ni, bayan addu'a na miƙe na ce ina da magana. Na ce abin da na faɗa kan Sista ƙarya na yi, na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa, girman kai ne ya sa ni, kuma matata ta tafi da sakamakonsa. Wani dattijo ya ce a bar tone-tone, abin da ya wuce ya wuce. Taubashina ya sunkuyar da kai yana share ido da hularsa. Na koma gida ina jiran saƙo daga Mahuta, shiru. Ashe mutane ba sa ɗaukar irin wannan labari su kai gaba, ba shi da daɗin bayarwa. Wasu ma cewa suka yi mutuwar matar ce ta taɓa Malam, wasu suka ce ai allurar ce ta juyo kansa. Sai na mayar da abin wani ɓangare na aikina. Duk sunan da na raɗa, duk ɗaurin auren da na halarta, sai na miƙe na maimaita. Duk wanda ya zo zaure da kwalba sai ya ji kafin in ɗauki alƙalami. Na je gidan wadda ta yi ɓari na faɗa wa mijinta, na je wurin mai shanyayyar ƙafa. Ranar wata Lahadi na tsaya a bakin cocinsu da rawanina har aka taso, na nemi dattawansu na faɗa musu. Aka fara rage kirana suna, domin ba wanda ke son a ɓata masa taro da tuban wani. Masu zuwa daga Bena suka ragu. Damina ta zo ta wuce, ina nan ina faɗa.

Abin da na koya ke nan, kuma shi ya sa na rubuto. Ban daina rubutu ba, ban kuma daina yarda da addu'a ba, amma na gane neman magani a hannun wani bai rage wa addu'a komai ba, ni ne kawai nake ganin ya rage mini. Ina kira ga 'yan'uwana malaman zaure da duk wanda mutane ke jin maganarsa, kada ka kira abin da ba ka sani ba sihiri, domin kai za ka faɗa sau ɗaya ka tafi gida, mutane kuma su rayu da shi. Ina kira ga maza, idan matarka ta ce da sauƙi, ka dubi tagar ɗakinta da kwandon shararta kafin ka yarda. Ga masu ɓarin kai kuma, ku ji tsoron ƙwayar leda da ake sha kullum, ku je wurin likita a duba ku. Kada kuma wani ya karanta wannan ya ɗauki allurar ɗinki ya ce zai gwada, ko ya miƙa kansa ga duk wanda ya kafa allo a bakin hanya. Wadda ta yi wa matata ta koya ne a wurin masana, kuma ba ta taɓa cewa tana warkar da kowa ba.

Sai da aka sake girbi sannan wani direba ya tsaya a ƙofar zaurena ya ce wata tsohuwa na jirana a tasha. Daga baya na ji yadda aka yi. Wata mai sayar da daddawa ce a kasuwar Mahuta, ba ta san Sistar ce a gabanta ba, take ba ta labarin wani malami a Zuru da ya addabi mutane da tuba, ba a suna ba a biki sai ya tashi ya wanke wata Sista. Da na je tasha na tarar Sista ce zaune a kan benci da ƙullin kaya da buhun masara. Masu hayar gidanta sun tashi, ta dawo ke nan. Na ce bari in kira mai babur. Ta ce ba ta son babur, ƙafarta lafiya lau, kayan ne dai suka fi ƙarfinta. Na fahimce ta. Na cire rawanina na naɗe shi gammo, aka aza mini buhun a ka, na rungumi ƙullin. Ta shige gaba ina biye, ranar kasuwa, ta tsakiyar gari, ba ta sauri. Duk wanda ta sani sai ta tsaya ta gaishe shi ta tambayi iyali, ni ina tsaye a bayanta gumi na sauka cikin idona. Muka shiga unguwa, maza na zaune a inuwa, mata na leƙe ta kan katanga, ba wanda ya yi dariya. Da muka zo ƙofar gidana ta tsaya ta dubi tagar ɗakin ƙanwarta, ta daɗe, leɓenta na motsi. Sannan ta ƙarasa ƙofarta, ta sa makulli ta buɗe, ta juyo ta kama gefen buhun muka sauke tare.

Ta ce: "Ya isa, Malam. Na karɓa. Je ka sa rawaninka."